Wadda ta riga ta yi korona, ko tana buƙatar allura?

Iyaye da 'yan uwa, ga rubutaccen jawabin da uwarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya kuma ungozoma, ta gabatar a zaman mata na wannan wata. Waɗanda ba su samu zuwa ba ne suka roƙa a sa musu a nan. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta, a kuma karanta wa waɗanda ba sa iya karatu.



Shugabar mata, iyayena, yayyena da ƙannena, da 'ya'yana da ke zaune can baya, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zama. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya sa aka ce in tashi in yi magana yau, wata murya ce da ta yi ta yawo a wayoyinmu. Na san da yawanku kun ji ta. Mai maganar yana cewa wai Turawa da kansu sun amsa cewa wanda ya yi korona ya warke ya fi wanda aka yi wa allura kariya, don haka allurar nan ɓata lokaci ce kawai. Mutum uku daga cikinku suka turo min, kowacce da tambayarta: "Anti, gaskiya ne?" To ga amsata a gaban kowa. Akwai gaskiya a cikin maganarsa, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai rabin zancen ya ɗauko, ya bar rabi a ƙasa, kuma rabin da ya bari shi ne ya shafi tsofaffinmu da masu ciki.

Bari in fara da yadda jiki ke yi, don idan aka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin mutum, sojojin jiki suna tashi su yi nazarinta, sai su ƙera wani makami daidai da siffarta. Wannan makamin shi likitoci ke kira antibodi. Yana yawo cikin jini, in ya haɗu da ƙwayar sai ya manne mata ya hana ta shiga ƙwayoyin halittar jiki. Ba a rana ɗaya ake ƙera shi ba, yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku kafin ya taru. Kun ga ke nan a karon farko cuta tana samun kwanaki tana cin karenta babu babbaka kafin jiki ya gama shiri. A cikin waɗannan kwanakin ne ake yin ɓarnar, a nan ne huhu ke lalacewa.

Bayan an warke, antibodi yana raguwa a hankali cikin watanni. Wannan ba abin tsoro ba ne, haka jiki yake yi. Abin da ke saura shi ne wasu ƙwayoyi masu tuni, ana ce musu ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Ku ɗauke su kamar tsohuwar gida da ba ta mance fuska. Antibodi su ne samarin da ke tsaye a ƙofar zaure, in an kwana biyu ba a ga ɓarawo ba sai su fara watsewa. Tsohuwa kuwa tana ciki, ranar da ɓarawon ya dawo ita za ta ce "shi ne, ku tashi". Shi ya sa mutum zai iya sake kamuwa, don ƙofa ta yi sakaci, amma abin bai kai shi kwanciya asibiti ba, don an gane ɓarawon da wuri. Ku riƙe wannan da kyau: kariya daga kamuwa daban, kariya daga tsanani da mutuwa daban. Yawancin rikicin da ake yi a waya, haɗa biyun nan ake yi a tukunya ɗaya.

Ita kuma allura me take yi? Hoton ɓarawon take nuna wa jiki ba tare da ya shigo gida ba. Ƙwayar korona tana da wasu ƙayoyi a bayanta, da su take maƙale wa jikin mutum. Alluran da aka fi yi mana a ƙasar nan, AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, dukansu siffar wannan ƙayar suke koya wa jiki. Babu ƙwayar korona mai rai a cikinsu. Jiki ya ga ƙayar, ya ƙera antibodi, ya ajiye tuni, shi ke nan. Wadda ta yi cutar kuwa, jikinta ya ga ƙwayar gaba ɗayanta, kai da ƙafa, kuma ya gan ta a hanci da maƙogwaro inda take shigowa. Wannan wata fa'ida ce ta gaske, kuma a nan mai muryar ya samu abin riƙewa.

Mu mata ai mun san wannan zance tun kafin korona, sunansa ne kawai ba mu sani ba. Yaron da ya yi ƙyanda ya tashi, da wuya ya sake yi har ya tsufa. To amma wace uwa ce a nan za ta ce kar a yi wa ɗanta allurar wata tara, a bari ƙyandar ta kama shi don ya samu kariya mai ƙarfi? Mun ga yaran da ƙyanda ta makantar, mun ga waɗanda ta tafi da su. Sannan ga titanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora da ake mana allurarsa a wajen awo. Shi kuma ko mutum ya yi shi ya tsira, jikinsa ba ya samun kariya, sai an yi masa allura. Kun ga kowace cuta da halinta. Korona tana tsakiya: tana barin kariya, amma kariyar ba ta kai ta ƙyanda daɗewa ba, domin ƙwayar tana yawan canja kama.

Yanzu ga abin da masu bincike suka gani. Zan kawo muku lambobi, kar ku gaji, don in wani ya tare ku da lamba ku ma kuna da taku.

A Ingila an bi ma'aikatan lafiya sama da 25,000 daga tsakiyar 2020 zuwa farkon 2021, ana yi musu gwaji a kai a kai. Aka ga waɗanda suka taɓa kamuwa haɗarin sake kamuwarsu ya ragu da kashi 84 cikin 100, har tsawon kimanin wata bakwai. A Denmark ma, inda suka gwada miliyoyin mutane a 2020, an samu kusan haka, wajen kashi 80. Amma ku saurari wannan: da suka ware 'yan shekara 65 zuwa sama, sai kariyar ta sauko zuwa kashi 47 kacal. Ƙasa da rabi ke nan. Wato goggonki da ta yi ta warke, jikinta bai riƙe darasin kamar naki ba. Tsufa yana rage wa garkuwar jiki ƙarfi kamar yadda yake rage wa gwiwa.

A watan Agusta na 2021 bincike biyu suka fito kusan lokaci guda, kuma kowane ɓangare ya ɗauki wanda ya yi masa daɗi. Na Isra'ila ya nuna cewa a lokacin nau'in Delta, waɗanda aka yi wa allurar Pfizer tun farkon shekara ba su taɓa kamuwa ba, sun fi waɗanda suka taɓa yin cutar saurin kamuwa har ninki 13. Masu adawa da allura suka yi ta yaɗa shi. Na jihar Kentucky a Amurka kuma ya duba waɗanda duk sun taɓa kamuwa, ya ga cewa waɗanda ba su je an yi musu allura daga baya ba sun fi sake kamuwa fiye da ninki biyu. Jami'an lafiya suka yi ta yaɗa wannan. In kin zauna kin duba, ba su saɓa wa juna ba. Shi kansa binciken Isra'ilan ya nuna cewa wanda ya yi cutar sannan ya ƙara da allura ɗaya ya fi wanda ya tsaya a kan cutar kawai. Wannan layin ne ba a turo muku ba.

Mai muryar nan, bisa ga abin da na fahimta daga kalamansa, da rahoton da ya fito a mujallar likitoci ta Lancet a watan Fabrairun 2023 yake magana. Masana a jami'ar Washington ne suka tattara bincike 65 daga ƙasashe 19. Suka ce wanda ya taɓa kamuwa yana da kariya daga kwanciya asibiti ko mutuwa wajen kashi 88 cikin 100 bayan wata goma, kuma wannan bai gaza abin da allura biyu ke bayarwa ba. Gaskiya ne, haka suka ce. Amma a rahoton nan dai suka ce wanda ya yi tsohon nau'in korona, kariyarsa daga sake kamuwa da Omikron ta faɗi zuwa kashi 36 bayan wata goma. Kuma su masu rahoton da bakinsu suka ce allura ita ce hanya mafi aminci ta samun kariya, domin ɗaya hanyar sai ka ratsa ta cikin cutar tukuna.

Zancen canja kama ɗin nan ba wasa ba ne. Akwai wani birni a Brazil, Manaus, cikin dajin Amazon, mai mutane wajen miliyan biyu. Korona ta yi musu mummunan kamu a 2020, har wani bincike da aka yi da jinin masu ba da gudummawar jini ya ƙiyasta cewa kashi 76 cikin 100 na mutanen garin sun riga sun kamu zuwa watan Oktoba. Aka fara cewa ai su kam sun gama, cutar ba ta da sauran wanda za ta kama. Watan Janairun 2021 sai ga sabon nau'i ya ɓulla, asibitoci suka cika, iskar oksijin ta ƙare, mutane suna mutuwa a kan gado 'yan uwansu na yawo da tukunyar iska a titi suna neman inda za a cika musu. Daga baya, a watan Nuwamba na 2021, aka gano Omikron a kudancin Afirka, shi kuma ya kama wanda ya taɓa yi, ya kama wanda aka yi wa allura. Ita ma allurar ba ta hana kamuwa da shi sosai ba, wannan ma a faɗa. Abin da ya tsaya da ƙafarsa shi ne kariya daga tsanani.

To wa ya fi kowa kariya? Wanda ya haɗa biyun. A watan Janairun 2023 wani nazari da aka yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba zamanin Omikron. Bayan shekara guda, wanda ya yi cutar kawai kariyarsa daga kwanciya asibiti tana wajen kashi 75, wanda ya yi cutar kuma aka yi masa allura tana wajen kashi 97. Za ku ga wannan 75 ɗin ya bambanta da 88 na ɗazu, don ba mutane ɗaya ko lokaci ɗaya suka duba ba, amma alƙiblar ɗaya ce. Dalilin kuwa, ƙwayoyin tunin da cutar ta bari suna ci gaba da gyara makaminsu har watanni, in allura ta zo sai ta tashe su, su zubo antibodi mai yawa wanda ke gane nau'o'i daban-daban. Saboda haka 'yar uwa, in kin taɓa yi, allura ba asara ba ce a wajenki. Ke ce ma za ki fi kowa cin moriyarta.

Yanzu in dawo gida, don duk wannan lissafin na ƙasashen da ke gwada mutanensu ne. Mu nan in mace ta ce min "ai ni na riga na yi", sai in tambaye ta, wa ya gwada ki? Sai ta ce a'a, lokacin dai ta yi zazzaɓi da ciwon jiki da mura mai zafi. Yo mu da zazzaɓin cizon sauro ke kayar da mu duk damina, da murar hunturu, da taifot, ta yaya za ki rantse korona ce? Wadda ta daina jin ƙamshi da ɗanɗano, ita kam akwai alama mai ƙarfi. Sauran kuwa zato ne.

Ta ɗaya gefen kuma, da yawanmu mun yi ba mu sani ba. A hukumance mutum kimanin 266,000 aka tabbatar sun kamu a Nijeriya tun daga na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka rasa sama da 3,100. Amma da hukumar NCDC ta ɗebi jinin mutane gida-gida a watannin Satumba da Oktoba na 2020, sai ta samu alamar cutar a jinin kashi 23 cikin 100 a Legas, 23 a Enugu, 19 a Nasarawa, 9 a Gombe. A Legas kaɗai wannan miliyoyi ne. A watan Afrilun 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar. Ke nan akwai yiwuwar ni da ku duk mun taɓa yi. Abin da ba wadda ta sani shi ne nawa jikinta ya ajiye. Wanda cutar ta kayar sosai yakan tara antibodi da yawa, wanda ta shafa sama-sama yakan tara kaɗan, wasu ma in an duba jininsu ba a ganin komai. Allura kuwa awo ɗaya ake ɗura wa kowa, an san ranar da aka yi, an rubuta a kati.

Wata ta tambaye ni ko ta je a yi mata gwajin antibodi a ɗakin gwaji mai zaman kansa, in an ga tana da shi sai ta huta. Na ce mata ta riƙe kuɗinta ta yi cefane. Gwajin zai iya nuna miki kin taɓa haɗuwa da ƙwayar, amma ba ya gaya miki ko kin tsira, kuma ba ya auna ƙwayoyin tunin nan da na faɗa. Hukumar kula da magunguna ta Amurka tun watan Mayun 2021 ta ja kunne cewa kar a yi amfani da shi a yanke wannan hukunci.

Akwai wani abu kuma da nake so ku lura da shi, wanda lamba ba ta nunawa. Duk binciken da ya ce waɗanda suka yi cutar suna da kariya mai ƙarfi, waɗanda suka rayu ya ƙirga. Wanda ya rasu a karon farko ba ya cikin lissafi. Mu da muke da 'yan uwa a Kano ba mu manta watan Afrilun 2020 ba, lokacin da kullum sai an yi sanarwar rasuwar wani dattijo, malamai da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, har masu haƙar kabari suka koka. Ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 ana ganin suna da alaƙa da korona. Allah ya jiƙansu da rahama. A unguwarmu na ga 'yan uwa biyu ciki ɗaya, gida ɗaya, suka kwanta sati guda. Ƙaramar ƙamshi kawai ta daina ji, kwana biyar ta koma tallan kayanta. Babbar, mai ciwon suga, sai da aka sa mata iska kwana goma sha ɗaya, kuma ta fi wata shida in ta yi shara sai ta zauna ta huta. Dukansu yanzu suna da garkuwa. Ku tambayi babbar nawa ta biya.

Sai zancen masu ciki, wanda shi ne fannina, shekara talatin ina karɓar haihuwa. Mai ciki, musamman in cikin ya tsufa, huhunta a matse yake, garkuwarta ma ta sauya. In korona ta kama ta sosai ta fi 'yar uwarta marar ciki haɗarin shiga ɗakin kulawa ta musamman, ga haɗarin haihuwar bakwaini, ga na rasa ɗan a ciki. A Ingila, a watan Oktoban 2021, hukumar lafiyarsu ta sanar cewa cikin masu korona da suka fi kowa jigata, waɗanda sai da aka haɗa su da na'urar da ke yi wa huhu aiki, kusan ɗaya cikin shida mata ne masu ciki da ba su yi allura ba. Sannan ga alherin da ke ciki: antibodin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, ana kuma samunsa a ruwan nono. Jaririn da bai kai a yi masa allura ba, da na uwarsa yake fakewa a watannin farko. Daidai yadda allurar titanus ta awo ke kare cibiyar jariri, ba wani sabon abu ba ne.

Na san abin da ke zuciyar wasunku, gara in faɗa da kaina: haihuwa. An duba wannan. Wani bincike a Amurka da ya fito a Janairun 2022 ya bi mata kusan 4,000, ya ga al'ada takan ɗan jinkirta bayan allura, a matsakaici ƙasa da kwana ɗaya, sannan ta koma daidai. Don haka matan da suka ce sun ga canji ba ƙarya suka yi ba, kar a ƙaryata su. Wani binciken na jami'ar Boston a watan nan dai ya bi ma'aurata sama da 2,000 masu neman haihuwa, bai ga allura ta rage samun ciki ba, ko a wajen mace ko a wajen miji. Abin da ya gani ma shi ne mazan da cutar ta kama su ne haihuwarsu ta ɗan ja baya na ɗan lokaci. A gaya wa masu gida wannan.

Ba zan tsaya nan in ce muku allura ba ta da illa ko kaɗan ba. Ni da aka yi min ta farko, hannuna ya yi tsami kwana biyu, na kwana da zazzaɓi, na sha farasitamol, washegari na tashi. Wannan shi ne na yawancin mutane. Akwai kuma masu wuyar faruwa amma na gaske: AstraZeneca an same ta da haddasa wani irin daskarewar jini ga mutane ƙalilan, har Ingila ta koma ba 'yan ƙasa da shekara 40 wata daban a 2021. Pfizer da Moderna kuma an ga kumburin tsokar zuciya ga wasu 'yan kaɗan, yawanci samari, galibinsu kuma suna warkewa. Ita kanta korona tana jawo daskarewar jini da kumburin zuciyar. Abin da nake so ku gani, an gano waɗannan ne saboda ana sa ido, aka kuma faɗa a fili.

Kuma in wata ta ce muku ita tsoro take ji, kar ku yi mata kallon jahila. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan, yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Aka yi shekaru ana shari'a kan ko an nemi yardar iyaye yadda ya kamata, kamfanin yana cewa sanƙarau ne ya kashe yaran, har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana nan. Amma mu tuna abin da ya biyo baya: da aka dakatar da allurar shan-inna a 2003, cutar ta sake bazuwa har ta tsallaka wasu ƙasashe, 'ya'yanmu ne suka gurgunce. Sai da mata irinmu suka shiga gida-gida shekara da shekaru kafin a ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020. Trovan gwaji ne a kan yara ɗari biyu. Allurar korona kuwa an yi sama da biliyan 13 a duniya, su ma ƙasashen da suka ƙera ta sun yi wa iyayensu da 'ya'yansu, kuma wadda ta shigo nan tun daga kason farko na ranar 2 ga Maris 2021 sai da NAFDAC ta amince da ita.

To yanzu me ya rage a kanmu? Gaskiya yanayi ya sauya. Ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama annobar gaggawa ta duniya, amma ba ta ce ƙwayar ta tafi ba. Tun a watan Maris na shekarar ta sake tsara shawararta. Yara da matasa masu lafiya ta sa su a sahun baya. Babba mai lafiya wanda bai tsufa ba, ta ce a lokacin in ya yi na farko ya ƙara da guda, ba sai ya yi ta maimaitawa ba. Waɗanda ta ce a fi kula da su su ne tsofaffi, masu ciwon suga da ciwon zuciya da makamantansu, waɗanda garkuwarsu ta yi rauni kamar masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ko masu jinyar ciwon daji, masu ciki, da ma'aikatan lafiya. Su ne a 2023 ta ce su riƙa samun allurar ƙari bayan wata shida zuwa goma sha biyu, ko sun taɓa yin cutar ko ba su taɓa ba. Mai ciki kuwa, in ta ƙarshe da aka yi mata ta haura wata shida, shawarar ta 2023 ita ce ta samu guda a cikin wannan cikin.

In mutum bai daɗe da warkewa ba, babu gaggawa. Ana iya jira wata uku zuwa shida, jinkirin ma yakan sa allurar ta fi kamawa. Wanda yake kwance da zazzaɓi a bari ya tashi tukuna. Wadda ta taɓa samun mummunan borin jini bayan wata allura ta gaya wa ma'aikaciya kafin a taɓa ta. Da yawanmu saboda Hajjin 2022 muka yi, muka jefa katin a ƙasan akwati, a nemo shi a duba kwanan wata.

Roƙona gare ku, shugabannin mata na mazaɓu, ku ne ake buɗe wa ƙofa har uwar ɗaki, maganarku tana da nauyi fiye da ta rediyo. In kun shiga gida aka kawo zancen muryar nan, kar ku ce ƙarya ce, don za a kawo muku takarda a ƙure ku, daga nan kuma ko gaskiya kuka faɗa ba za a saurara ba. Ku ce eh, wadda ta yi tana da kariya, amma Inna da ke ɗaki shekararta nawa? Tana da suga? Tana da hawan jini? Amarya wata nawa ne cikinta? Daga nan sai ku ce a je asibitin unguwa a tambayi ma'aikaciyar rigakafi ko akwai allurar a hannu da kuma ranar da ake yi. Mai ciki ta tambaya ranar awonta, ba sai ta yi wata tafiya daban ba. Kuma kar ku sa rigar jam'iyya a wannan zance, ƙwayar cuta ba ta duba katin kowa, maƙwabciyar da ba ta tare da mu ita ma a gaya mata.

Wadda ke da tambayar da take jin nauyin yi a cikin jama'a, ina nan bakin ƙofa bayan an tashi, ta zo da katinta in tana da shi mu duba tare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya.